Hukuncin Farin Magi a Kasuwannin New York

Duk wanda ya leƙa shagunan 'yan Afirka a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Gana da Nijar suke cefane, zai tarar da farin magi cikin 'yan ledoji kusa da daddawa da kuka, kuma lalle mas'alar halaccinsa ta cancanci bayani.

Wani masani Bajapane, Kikunae Ikeda, shi ya fara fitar da shi daga ciyawar teku a 1908, amma a yau da rake ko masara ko rogo ake yin sa, bayan wasu ƙananan halittu sun tsima su, don haka zatinsa tsarkakakke ne. Shubuha ta taɓa aukuwa a Indunusiya, yayin da majalisar malamai ta yi fatawar haramta na kamfanin Ajinomoto saboda an shigar da sinadarin alade wajen renon halittun, har kamfanin ya janye kayansa a farkon 2001, ya sauya hanya.

To, ya mai karatu, nemi tambarin halal a jikin leda, duk da cewa asalin abinci halacci ne har sai dalilin haramci ya tabbata.