Dalilin da Ya Sa Ake Neman Katin Shawara a Kan Iyaka

Duk matafiyin da ya tashi daga Afirka ta Yamma zuwa ƙasashe irin su Saudiyya, Indiya ko Afirka ta Kudu, ya san fasfo da biza kaɗai ba su wadatar ba. Akwai wani ɗan kati mai ruwan ɗorawa da ma'aikatan lafiya ke dubawa a filin jirgin sama, wato shaidar allurar rigakafin zazzaɓin shawara. A watan Maris na 2012, Afirka ta Kudu ta komo da 'yan Nijeriya 125 gida bisa zargin katunansu na jabu ne, lamarin da ya ɓata dangantakar ƙasashen biyu har sai da ta nemi afuwa. Mutane da yawa na ganin wannan doka takurawa ce kawai, alhali tana da tushe a ilmin halittu.

Ƙwayar bairos ce ke haddasa cutar, kuma a birane wani sauro mai suna Aedes aegypti ne ke ɗaukarta daga jinin majinyaci zuwa jikin mai lafiya. Bayan cizo, sai an yi kwana 3 zuwa 6 kafin alamu su bayyana. A tsakanin waɗannan kwanaki mutum na iya hawa jirgi garau, ya sauka a wata nahiya, sannan zazzaɓi ya kama shi. Idan akwai irin wannan sauro a inda ya sauka, cizo ɗaya na iya zama mafarin annoba.

Wannan shi ne abin da ƙasashen Asiya ke gudu. Sauron yana nan jingim a Indiya da maƙwabtanta, amma cutar ba ta taɓa samun gindin zama a can ba, don haka jama'arsu ba su da garkuwa. A 2016, lokacin annobar Angola, ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin sun koma gida ɗauke da cutar, ko da yake ba ta yaɗu ba.

Allurar kanta tana da asali a Afirka ta Yamma. A 1927 aka ware ƙwayar daga jinin wani majinyaci mai suna Asibi a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Daga ita ne Max Theiler ya samar da nau'i mai rauni, wato 17D, a 1937, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1951. Jiki na buƙatar kimanin kwana 10 kafin garkuwa ta kafu, shi ya sa katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A da, akan sabunta shi duk shekara 10, amma tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Saboda haka wanda ya sayi katin jabu yana iya wuce ma'aikacin kan iyaka, amma jininsa ba shi da kariya, kuma yana jefa mutanen ƙasar da ta karɓe shi cikin haɗari. Ya kamata mai niyyar tafiya ya je cibiyar da hukuma ta amince da ita, aƙalla kwana 10 kafin ranar tashi.