Kwana Huɗu A Kafanchan Da Kewaye: Abin Da Baƙo Zai Gani Da Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Ƙirga

Tun shekarar 2023, lokacin da cutar ruɓewa ta faɗa wa gonakin citta a ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, manoma da 'yan kasuwar kudancin Jihar Kaduna suka ɗanɗana haɗarin dogara da haja guda. Wannan ya sa ya dace a sake duban wata hajar da yankin ya daɗe da ita amma ba a sa mata farashi ba, wato wuraren da baƙo zai biya kuɗi ya gani. Hanya mafi sauƙi ta auna darajarta ita ce a tsara tafiya ta kwana huɗu, a bi ta daki-daki, a lura da inda kuɗin baƙo zai sauka da inda zai rasa wanda zai karɓa.

Kafanchan ita ce ta cancanci zama masauki. Garin ya bunƙasa ne albarkacin jirgin ƙasa, domin a shekarar 1927 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal, inda reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya hau Jos. Ma'aikatan reluwe da fatake daga sassan ƙasar nan suka zauna tare da Fantswam da sauran ƙabilun yankin, shi ya sa har yau Hausa ce harshen ciniki, kuma a nan ne aka fi samun otal-otal da bankuna da gidajen mai. Amma kada mai shirin tafiya ya sa jirgin cikin lissafinsa. An ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, sai dai mota ce abin dogaro ga mai son isa Kafanchan a ranar da ya tsayar.

Hanyoyin shiga uku ne. Mai tasowa daga Kano ko Zariya zai biyo ta Kaduna, ya ratsa Kachia da Zonkwa, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Kaduna. Mai tasowa daga Abuja zai iya biyowa ta Bwari da Jere da Kagarko ya ɓullo Kwoi. Wanda kuwa ya sauka a filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang kusa da Jos zai gangaro ta Manchok da Kagoro, kuma wannan ita ce mafi gajarta. Kowace aka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce: a yi sammako, a isa kafin la'asar.

Zaɓen lokaci yana da nasa ciniki, domin ba a samun komai a wata guda. Ruwan Matsirga ya fi cika a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, lokacin da duwatsu suka yi kore shar amma hanyoyin ƙauye suka yi laka. Bikin Afan na mutanen Kagoro kuwa ranar 1 ga Janairu ake yin sa kowace shekara, cikin hunturu, sa'ad da ruwa ya ja baya amma citta ta cika shimfiɗun shanya. Bikin Tuk Ham na mutanen Ham a Kwoi yakan zo ne wajen lokacin Ista. Ɗan kasuwar da ke son haɗa yawon buɗe ido da saye, watannin Nuwamba zuwa Janairu sun fi masa, da sharaɗin ya kama ɗaki tun da wuri idan zai kai ranar Afan, saboda 'yan asalin yankin da ke dawowa hutun ƙarshen shekara su ma ɗakunan suke nema.

Ranar farko ta isowa ce da zagayen gari. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa da gidajen ma'aikatanta suna nuna yadda aka kafa garin, sannan ladabi ya buƙaci a kai gaisuwa fadar Sarkin Jama'a da ta Agwam Fantswam idan an nemi izini tun kafin a taso. Da yamma a shiga kasuwa a ji farashin citta da acca da doya da zuma daga bakin dillalai. Wannan zagaye ba ɓata lokaci ba ne, domin a nan ne baƙo zai sami direba ɗan gari da ɗan jagoran da za su yi masa amfani a sauran kwanakin.

Rana ta biyu ta Matsirga ce da Kagoro. Matsirga tana wajen Madakiya, 'yan kilomitoci kaɗan daga Kafanchan, inda ruwa ke tsirgowa daga kan dutse mai tsawon kusan mita 30 ya faɗa cikin kwazazzabo. A je da safe, a sa takalmin da ba ya santsi, kada kuma a shiga ruwan ba tare da shawarar mutanen wurin ba. Daga nan sai Kagoro a ƙaramar hukumar Kaura, garin da ke gindin dutsen da ya haura mita 1,200 daga doron teku. Hawansa yana cin sa'o'i, kuma akwai mutanen da ke zaune a samansa har yanzu, saboda haka a nemi ɗan jagora ta hannun fada. Masarautar Kagoro ta yi suna da marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya riƙe sarauta daga 1945 zuwa rasuwarsa a 2008, fiye da shekara 60 ke nan.

Rana ta uku ta Kwoi ce da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a shekarar 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in mulkin Turawa mai ilimin kayan tarihi, wani kan yumɓu da aka samu a yankin Jama'a, ya lura da kamarsu, daga nan sunan Nok ya shiga littattafan duniya. Binciken da masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 ya mayar da mafarin wannan al'umma zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akwai ƙaramin gidan tarihi na hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa a ƙauyen, amma mai son ganin ƙarin kayan sai ya leƙa gidajen tarihi na Kaduna da Jos, wanda aka buɗe na biyun a 1952.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi aljihu da mutunci. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta haramta saye da sayar da kayan tarihi ga wanda ba wakilin hukuma ba, kuma a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin waɗanda aka fi sacewa daga Afirka. Duk wanda ya tare ka da kan yumɓu yana neman ciniki, ko dai jabu yake sayarwa ko kuwa yana jan ka cikin laifi. Abin da ya halatta, kuma kasuwarsa take a buɗe, shi ne sabon kwaikwayo da maginan tukwane za su ƙera su sa masa shaidar cewa sabo ne.

Rana ta huɗu ta komawa ce. Mai bin hanyar Kaduna zai iya tsayawa Kachia ya ga yadda ake tsaga citta da shanya ta da auna ta, sannan ya biya ta Kajuru, inda wani Bajamushe ya gina gida irin na sarakunan Turai na dā a kan dutse cikin shekarun 1980. Ba a shiga sai an nemi izini tun kafin a zo.

Batun tsaro ba abin ɓoyewa ba ne, domin shi ne ya fi komai danne wannan kasuwa. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992 wanda ya faro daga saɓani kan sauya wa kasuwa matsuguni, da tarzomar bayan zaɓen 2011 wadda ta cinye kasuwar Kafanchan, duk sun bar tabo. A watan Fabrairu na 2017 an sace masana biyu 'yan Jamus a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawun ɓarayin, kafin a sako masanan bayan 'yan kwanaki. A watan Afrilu na 2019 kuma an kashe baƙi biyu a gidan dutsen Kajuru. Don haka a tambayi halin hanya a daren da za a tashi daga bakin direbobin tasha da mai masauki, a guji tafiyar dare, a sanar da dagaci kafin a shiga ƙauye. Matambayi ba ya ɓata.

Idan aka koma ga lissafi, ribar tana wajen kwana. Mutum huɗu da suka zo daga Jos da safe suka koma da yamma, man mota a Jos suka sha, abinci ma watakila da shi suka zo, abin da za su bari a Madakiya bai wuce ɗan hasafin jagora ba. Waɗannan mutum huɗun idan suka kwana uku a ɗaki biyu, sun biya kuɗin ɗaki sau shida, sun ci abinci kusan sau arba'in a tsakaninsu, sun ɗauki direba na kwana biyu ko uku, sun tafi da citta da zuma tsaraba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sufuri ya zama kaso mai nauyi a kasafin tafiya, wanda hakan ya ƙara wa Kafanchan daraja, domin Matsirga da Kagoro da Nok duk ana zuwa a dawo cikin yini daga masauki guda.

Abin da tsarin nan ya fito da shi fili shi ne baƙo da kansa yake haɗa komai: shi zai nemi direba, shi zai nemi jagora, shi zai nemi izinin fada. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wahalhalu sana'a ce mai jiran mai ita, kuma ba ta buƙatar jarin gina katafaren otal. Mota ɗaya mai lafiya, yarjejeniya da otal biyu, matasa uku ko huɗu 'yan gari da aka koya wa tarihin wuraren, da takardar farashi guda wadda ta ƙunshi ɗaki da abinci da sufuri, sun isa a fara. Masu saye na farko kuwa ba daga Turai za su zo ba. Ɗaliban makarantu ne, da ma'aikatan Abuja masu neman hutun ƙarshen mako, da fataken citta na Kano waɗanda dama suna zuwa kowace kaka, amma suke juyawa da lodinsu ba su taɓa ganin Matsirga ba.