Abin da Google ke gani da abin da ke kuɓuce masa a Tudun Wada

Tun 2006 Google ya buɗe shafin Google Trends, kyauta, inda kowa zai ga abin da jama'a ke nema a intanet daga 2004 zuwa yau. Telan Tudun Wada mai tallar ɗinkinsa ta waya zai iya zaɓar Nijeriya, ya ga inda Jihar Kaduna ta tsaya cikin jihohi wajen neman shadda ko leshi.

Lambar 100 da ke jikin zanen da shafin ke nunawa ba mutum ɗari take nufi ba. Ƙololuwar nema ce a lokacin da ka zaɓa, 50 kuma rabinta. Sifili ma sau da yawa ƙarancin masu nema ne, ba rashinsu ba, kuma kalmomin Hausa sun fi faɗawa wannan rami.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa: kasuwarmu ba ta bin kalandar Bature. Ƙaramar Salla ta faɗo 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, sai 30 ga Maris a 2025. Duk shekara ƙololuwar neman ɗinki da lalle da kayan shan ruwa tana matsowa da kamar kwana 11. Wanda ya sa kuɗin tallarsa a makon da ya sa bara, sai ya tarar an ci kasuwa an watse.

Mutane da yawa ba sa lanƙwasa harafi a waya, don haka a gwada "ɗinki" da "dinki" duka. Shafin na kwatanta kalmomi da dama lokaci guda.

Shi kansa Google ya taɓa shan ƙasa. A 2008 ya fara hasashen yaɗuwar mura daga binciken mutane, a hunturun 2013 lissafinsa a Amurka ya kusa ninka na gaskiya, a 2015 ya rufe shirin. Kamfanin ya ce kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema kullum bai taɓa ganinsa ba.

Sannan cinikin da matan unguwa ke yi daga cikin gida, na atamfa da turaren wuta a WhatsApp da TikTok, ko kaɗan ba ya shiga lissafin nan. Neman da ake yi a YouTube dai yana ciki.

Ɗan kasuwa, duba shafin don sanin lokacin talla, amma kafin ka saro kaya, tambayi masu shago cikin kasuwar Tudun Wada.