Yadda yanayin tsayuwa da zama ke shafar ciniki a kasuwar citta ta Kwoi

A garin Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba da ke kudancin Jihar Kaduna, citta ce ginshiƙin arzikin manoma, kuma cinikinta kan fara tun kafin a ambaci farashi. Ɗan sarin da ya zo daga Kafanchan ko Kano yakan fara duban mai kaya, ya ga ko yana zaune daram a gefen buhunansa, ko kuwa ya miƙe yana bin masu wucewa da ido.

Manomin da ya zabura ya tarbi mai saye, ko ya sunkuyar da kai lokacin da aka yi masa tayi, ya nuna a matse yake, sai a karya masa farashi. Shi ma mai saye yana da tasa dabarar. Yakan karya busasshiyar citta ya shinshina, sannan ya juya baya kamar zai tafi. Idan mai kaya ya kira shi ya dawo, to ragin ya tabbata. Wanda ya ce “albarka” yana zaune bai motsa ba, shi ake ƙara wa tayi.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi bincike kan wannan batu. A shekarar 2010, Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap a Amurka suka ce buɗe ƙirji da baza kafaɗu na minti 2 na sauya sinadaran jiki tare da ƙara ƙarfin hali. Sai dai wani gwaji da Eva Ranehill da abokan aikinta suka yi da mutum 200 a 2015 bai ga wannan sauyi ba, illa dai mahalartan sun ji ƙarfi a ransu. A 2016 Carney da kanta ta janye goyon bayanta ga sakamakon farko.

Ke nan tasirin tsayuwa ya fi tabbata a idon abokin ciniki, domin da ita yake auna ƙarfin mutum. Bayan annobar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya haura, kuma duk mai sauran buhu ya samu bakin magana. Manomin da ya san farashin ranar, yake da wurin ajiya, kuma bashi bai taso shi gaba ba, shi ne ke iya zama daram har a yi masa tayin da ya gamsu da shi.