Bindiga Mai Ɗura Kanta A Gonakin Amurka

Duk inda manomi yake a duniya yana da maɓarnata masu ƙafa huɗu. A ƙasar Hausa gwaggon biri ne da gadu da gafiya. A Amurka kuwa zomo ne da kurege, da babbansu duka, watau aladen daji, wanda Ma'aikatar Gona ta ƙasar ta ƙiyasta ya kai miliyan 6, kuma jihar Texas ta fi kowace jiha yawansa. Manoman can da yawa suna ajiye bindiga kamar yadda ake ajiye gatari, cikin irin waɗanda suke saye kuwa akwai mai ɗura kanta. Da yake hotunanta suna yawo a wayoyin samari, ya kamata mai karatu ya san yadda masu ita suke zaɓenta.

Ga yadda take aiki. In aka ja kunama harsashi ya tashi, ƙarfin albarushin nan ne ke tura wani ƙarfe baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, sa'an nan sifirin ya komo da ƙarfen gaba, ya cusa sabon harsashi. Ja ɗaya, harbi ɗaya. Ba irin ta soja ba ce wadda ake danne kunama ta yi ta zuba. Amma wanda ya saba da adaka, a ɗura albarushi, a danna, a harba sau ɗaya a koma ɗuri, zai ga bambancin kamar na jaki da mota.

Wadda ta fi suna a gonaki ita ce Ruger 10/22, da aka fara yi a 1964. Sunanta ma bayani ne: tana cin harsashi 10, faɗin harsashin kuwa .22 na inci, watau bai kai ƙwayar wake ba. Nauyinta wajen laba 5, tsawon bututunta inci 18 da rabi, ba ta dukan kafaɗa, harsashinta kuma shi ne mafi araha. Akwai abokiyar tafiyarta, Marlin Model 60, ta 1960. Don zomo da kurege a tazarar yadi 50 zuwa 75, waɗannan sun isa.

To, a nan ne masu saye suke kuskure. Mutum ya ga bindiga ta yi masa kyau a kanti, ya biya, sa'an nan ya tuna abin da zai harba. Gwanaye daga dabbar suke farawa. Harsashin .22 bai dace da aladen daji ba, gama ƙaton alade yana da kaurin fata a kafaɗa, sai dai a ji masa rauni ya shige daji ya mutu a wahalce, ko ya juyo kan maharbin. Masu fama da shi sukan nemi babban harsashi, .223 ko .308, galibi a bindigogi samfurin AR, waɗanda kamfanin Colt ya fara sayar wa farar hula a 1964. Duk da haka malaman gona na can ba su ɗauki harbi maganin alade ba. Ta macen takan ɗauki ciki wata 3 da mako 3 da kwana 3, ta zuba 'ya'ya biyar ko shida, wani lokaci sau biyu a shekara. In an harbe biyu a garke, sauran sun watse, sun koyi wayo, sun koma fita da dare. Abin da ya fi ci shi ne babban shingen ƙarfe mai ƙofa, a yi ta zuba masara har garken ya saki jiki, ran nan a rufe su gaba ɗaya.

Sai batun kayan da ake ɗora mata. 'Yan kasuwar Amurka sun cika kantuna da tarkace, fitila, da mariƙi iri iri, da gidan harsashi mai cin 25, kuma yawancinsu amfaninsu ga mai sayarwa yake. Abin da manomi ke bukata kaɗan ne. Na farko madubin saiti mai kusanto da abu ninki 4, a ɗaure shi tam, a gwada shi a takarda a yadi 50 har harbi ya riƙa faɗawa inda ido ya nufa. Madubi mai tsada da aka ɗaure sako-sako bai kai saitin ƙarfen da bindiga ta zo da shi ba. Sai maratayi na kafaɗa, da abin toshe kunne, don ƙarar harbi tana cin ji a hankali, ba ya kuwa komowa. Sai sandar goge bututu da ɗan mai. Harsashin .22 yana barin dauɗa, mai ɗura kanta kuwa da ta yi datti sai ta riƙa cijewa. Mai ma in ya yi yawa ƙura yake tarawa. Har wa yau ba kowane kamfanin harsashi take so ba, shi ya sa akan sayi ƙaramin kwali mai 50 na iri biyu ko uku, a gwada, kafin a sayi mai yawa.

Haɗarinta kuwa daga saurin nata yake. Da an harba, ta riga ta sake ɗuri, ko mai ita ya tuna ko ya manta. Cire gidan harsashi ba ya fid da wanda ya riga ya shiga ciki, tilas a ja ƙarfen baya a leƙa da ido. Gidaje da yawa sun yi makoki a kan bindigar da aka rantse babu kome cikinta. Ɗan harsashin nan da ake rainawa yana iya tafiya fiye da mil 1, yana kuma tsalle in ya bugi ruwa ko dutse, ga gona kuwa ba ta rasa yaro mai kiwo a bayan shuka. Don haka akwati mai kwaɗo yana cikin kayan bindiga, harsashi kuma a ajiye shi dabam. Manomin da ba garke yake fuskanta ba, wadda ake ɗura wa da hannu ta fi masa, ta fi araha, ta fi sauƙin gyara, tana kuma koya wa mutum ya natsu kafin ya ja kunama.

Ba kowace ƙasa ta sake kamar Amurka ba. Ingila ta hana manyan masu ɗura kansu a 1988, ta bar .22 kaɗai. Ostareliya ta ƙuntata su a 1996, sai manomin da ya nuna bukata ake ba ƙaramar. A Nijeriya kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Akwai haramtattu, irin su bindigar soja mai harsashi 7.62 ko .303, da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ɗaya ba izini ɗaurinsa ba ya kasa shekara 10. Akwai na farauta, lasin ɗinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, amma bindigar tsuntsu mai ɗura kanta ba ta cikin wannan kashi. Sai su adaka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin ido, ko mashayi. A watan Agusta na 2023 ma Sufeto Janar ya ba da sanarwar an dakatar da ba da lasin.

Saboda haka duk wanda wani ya yi wa tallar irin wannan bindiga a bayan kasuwa, wai don gadu, ya sani ba takarda gare ta ba. Wanda dabbobi suka dame shi ya kai kuka ga Mai Unguwa da Malamin Gona, a haɗa maƙwabta a yi gadi bi da bi, musamman da asuba da la'asar sakaliya, lokacin da birai suka fi sauka gona.