Motar Da Ta Yi Shekaru Cikin Lulluɓi

A shekarar 2018 masu ɗaukar hoto suka yi kwanton ɓauna a bakin filin gwajin motoci na Nürburgring da ke ƙasar Jamus, wanda zagayensa ya ɗara kilomita 20. Can sai ga wata mota ta wuce kamar walƙiya, an rufe ta da zane baƙi da fari irin na jakin dawa, ba suna, ba tambari. Kafin gari ya waye hotunanta sun game duniya.

Shi wannan zane dabara ce ta kamfanonin ƙera motoci, don ya rikita ido, kada abokan gasa su gane fasalin jikin sabuwar mota. Amma masu sha'awar motocin gudu ba a yi musu rufa-rufa. Suka lura hancin motar gajere ne, mazaunin direba ya matso gaba, ga kuma manyan kafofin shan iska a gefe. Nan take suka ce ai wannan Corvette ce ta kamfanin General Motors na Amurka, an kuwa mayar da injinta bayan direba.

To, mai karatu zai ce mene ne abin magana a nan? Tun da aka fara ƙera Corvette a 1953 injinta a gaba yake. Idan aka mayar da shi baya, nauyi zai hau tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa, motar ta fi saurin tashi. Wannan shi ne burin shahararren injiniyan nan Zora Arkus-Duntov, wanda ya rasu a 1996 bai ga cikarsa ba. Sau da dama mujallu sun yi shelar zuwan irin wannan mota, maganar ta sha ruwa.

Sai raɗe-raɗi suka yi yawa. Waɗansu suka ce Zora za a raɗa mata. Waɗansu suka rantse kuɗinta zai wuce dala 100,000. Nan hankalin tsofaffin masoyanta ya tashi, domin an san Corvette da cewa ita ce motar gudu wadda mai matsakaicin hali zai iya tara kuɗi ya saya. In ta shiga sahun Ferrari, ai ta fi ƙarfinsu ke nan.

Kamfani kuwa ya yi gum, don surutun nan talla ce wadda bai biya ko kwabo ba. Sai a watan Afrilu na 2019 shugabarsa Mary Barra ta shiga motar, da lulluɓinta, aka zaga da ita cikin birnin New York, an rubuta ranar bayyana ta a jiki.

Rana ba ta ƙarya. Ran 18 ga Yuli, 2019, aka yaye mata lulluɓi a Kalifoniya. Inji dai yana bayan direba, mai silinda 8 da ƙarfin doki 490. Sunanta Stingray, farashinta kuwa ya fara daga ƙasa da dala 60,000. Abin da ya ɓata wa waɗansu rai shi ne an daina giyar hannu, ba sauran taka kuloci.

Ashe dai abin da ido ya gani a jikin motar duk ya tabbata. Wanda baki ya ƙara, na suna da na kuɗi, shi ne ya bi iska.