Manhajar Firamare da Aikin Gida: Abin da Makaranta Ba Ta Faɗa wa Iyaye a Rara

A garin Rara da ke ƙaramar hukumar Rabah, da kuma garuruwan Wurno da Goronyo a gabashin jihar Sakkwato, yaro ɗan shekara bakwai yakan halarci makaranta biyu ko uku a yini guda, amma sanin da iyayensa suka yi wa karatunsa a waɗannan makarantu ba ɗaya ba ne. Mahaifin da bai taɓa zama a aji ba ya san cewa karatun allo yana farawa da babbaƙu, wato baƙaƙe marasa wasali, sannan farfaru, inda ake ɗora musu wasulla, sannan yaro ya riƙa hawa sura bayan sura, izu bayan izu, har ya cika sittin a yi masa sauka. Ya san ranar da ake kai kuɗin Laraba, ya san Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne, kuma idan aka ce ɗansa ya kai Sabbi ya gane iyakar inda aka tsaya. Game da makarantar firamare kuwa, abin da yawancin iyaye suka sani bai wuce ajin da yaro yake ciki ba, sai kuma ko na nawa ya zo a jarrabawar ƙarshen zango.

Ana yawan danganta wannan giɓi da rashin kulawar iyaye, alhali babban dalilinsa yana cikin hanyar da manhaja ke bi kafin ta iso aji. Manhaja ita ce tsarin da ya fayyace darussan da za a koyar a kowane aji, da batutuwan da ke cikin kowane darasi, da abin da ake son yaro ya iya bayan ya kammala su. Hukumar NERDC, mai kula da bincike da bunƙasa ilimi a Nijeriya, ita ke rubuta ta, kuma bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, an fara aiki da manhajar shekara tara a 2008, aka sake yi mata kwaskwarima aka rage yawan darussa daga 2014, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da wani sabon garambawul. Daga Abuja manhajar kan sauko zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Sakkwato, daga nan zuwa sashen ilimi na ƙaramar hukuma, sannan ga shugaban makaranta, wanda malamansa ke rarraba ta mako-mako a cikin zangunan karatu uku na shekara. A duk wannan saukowa babu matakin da aka ɗora wa alhakin sanar da uwa ko uba, kuma takardun da Turanci aka rubuta su. Hatta harshen koyarwa ya sauya sau biyu cikin ɗan lokaci, domin a 2022 an amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka soke wannan manufa aka koma Turanci, ba tare da an tsara wata hanya da manomin Rara zai ji abin da hakan ke nufi ga ɗansa ba.

Jihar Sakkwato ta riga ta ga cewa manhajar da aka rubuta da Hausa ta fi sauƙin isa gida. Shirin NEI Plus, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Sakkwato da Bauchi daga 2015, ya samar da littattafan Mu Karanta domin aji ɗaya zuwa uku, inda yaro ke farawa da sautin harafi, ya wuce zuwa gaɓa, sannan kalma, sannan gajeren labari. Karatun da aka jera haka ana iya bayyana shi ga iyaye a cikin jimla biyu, kuma uwar da ba ta karanta boko tana iya sauraron 'yarta tana karanta Hausa ta gane ko tana tafiya daidai ko tana cije-cije, domin harshenta ne ake karantawa.

Batun aikin gida, wanda wasu malamai ke kira jinga, shi ne ya fi buƙatar a yi wa iyaye bayani, saboda shi kaɗai ne ɓangaren karatun boko da ake yi a gaban idonsu da kuma cikin lokacinsu. Harris Cooper na jami'ar Duke a Amurka, wanda ya tattara bincike masu yawa kan wannan batu a 2006, ya nuna cewa alaƙar yawan aikin gida da ƙoƙarin ɗalibi tana da rauni a firamare, sai a sakandare take ƙarfi, kuma ma'aunin da ya goyi baya shi ne minti goma ga ɗan aji ɗaya, a ƙara goma a kowane aji, har ya kai awa guda a aji shida. Ko wannan ma'auni sai an auna shi da rayuwar wannan yanki, inda yaro ke tashi daga boko ya tafi Islamiyya da la'asar, ya zauna karatun allo bayan magariba, a gidan da sau da yawa ba wutar lantarki, kuma lokacin aikin shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadamun kogin Rima hannunsa na cikin waɗanda ake jira a gona. Malamin da ya ba ɗan aji biyu shafi uku ya kwafo da Turanci bai ƙara masa ilimi ba, sai dai yaron ya sa yayansa ya rubuta masa, ko a doke shi da safe kan laifin da ba nasa ba. Abin da ya dace shi ne aiki kaɗan wanda yaro zai iya yi shi kaɗai, kamar karanta sakin layi guda da babbar murya ko ƙirga kuɗin cefane, a kuma gaya wa iyaye ranakun da ake bayarwa, da tsawon lokacin da zai ci, da cewa ba a neman su yi masa, sai dai su ba shi wuri da lokaci su kuma tambaye shi.

Hanyoyin isar da wannan bayani suna nan, illa dai an fi amfani da su wajen neman gudummawar gyaran rufi da sayen alli. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, ya ƙunshi wakilan iyaye da malamai da masu sarauta da mata da malaman addini, kuma shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3 da UNICEF ta gudanar daga 2012 zuwa 2022 ya ƙarfafa ƙungiyoyin iyaye mata a jihar. Zama guda a makon farko na zango, inda malamin kowane aji zai faɗi da Hausa abubuwa uku ko huɗu da yaro zai iya kafin hutu, ya fi amfani a kan katin sakamako da ake miƙawa bayan an gama komai. Ana iya maimaita bayanin a masallaci bayan sallar Juma'a, a rubuta shi a takarda guda da boko da ajami, tunda akwai dattawa da yawa da ajamin suke karantawa, a kuma tura shi da murya ta wayar hannu. Isar da shi ga matan da ba sa fita taro ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa: Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajijai, wato dattawan mata da ta koyar, ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu.

Rashin tsaro ya ƙara wa wannan buƙata nauyi. Harin da aka kai yankin Gandi a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 suna cikin hare-haren da suka addabi yankin, kuma iyalai da dama sun bar ƙauyukansu, don haka yaro kan iya fara shekara a wata makaranta ya ƙarasa ta a wata. Iyayen da suka san inda karatun ɗansu ya tsaya su ne za su iya gaya wa sabon malami, su hana a mayar da shi baya ko a jefa shi ajin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ya kamata hukumar SUBEB da sassan ilimi na Rabah da Wurno da Goronyo su wajabta wa kowace makarantar firamare taron bayanin manhaja a farkon zango, kuma jami'an duba makarantu su riƙa tambayar ko an yi shi, kamar yadda suke duba rajistar halartar ɗalibai.